Ƙetare zamani a labaran zane na jarumai

Ƙetare zamani, wato mutum ya koma baya ko ya tsallaka gaba cikin tarihi, dabara ce da marubutan labaran zane na Amurka suka aro daga ƙagaggun labaran kimiyya irin littafin H. G. Wells na 1895, The Time Machine. Kamfanonin DC da Marvel ne suka fi cin moriyarta, musamman a littattafan rakiya, waɗanda ake fitarwa don su raka wani fim ko wani babban labari.

A watan Afrilun 1958, a fitowa ta 247 ta Adventure Comics, marubuci Otto Binder da mai zane Al Plastino suka kawo wasu matasa uku daga ƙarni na 30 don su gayyaci Superboy cikin ƙungiyarsu, Legion of Super-Heroes. Rip Hunter, wanda yawo cikin zamani ne sana'arsa, ya bayyana a 1959, sannan a 1961 aka ƙera wa Flash wata na'urar gudu da ke kai shi duk shekarar da ya ga dama. A ɓangaren Marvel, Doctor Doom ya tura uku daga cikin Fantastic Four baya a 1962 su ɗebo masa dukiyar ɗan fashin teku Blackbeard, Kang kuma ya fara addabar Avengers a 1964. Galibin waɗannan labarai yawon buɗe ido ne kawai: a je, a yi faɗa, a dawo gida a tarar da komai yadda aka bar shi.

Chris Claremont da John Byrne ne suka sauya akalar abin a farkon 1981, da labarin Days of Future Past, a fitowa ta 141 da ta 142 ta X-Men. Sun nuna shekarar 2013, inda manyan mutum-mutumi da ake kira Sentinels suka mamaye Arewacin Amurka, suka kashe yawancin jaruman, suka tsare sauran a sansani. Sai aka aika hankalin Kitty Pryde ta X-Men, wadda ta riga ta manyanta, ya shiga jikinta na ƙuruciya a 1980, don ta hana kisan Sanata Robert Kelly, kisan da ya jawo duk wannan masifa. Fitowa biyu kacal, amma ta warware wa masu sana'ar wata tsohuwar matsala. Jarumin da ake sayar da labarinsa kowane wata ba shi da damar tsufa ko mutuwa ta din-din-din, domin ranar da ya mutu kasuwa ta watse. Yanzu kuwa ana iya ƙone Wolverine ƙurmus a idon mai karatu, wata mai zuwa a ci gaba da shi garau, tunda mutuwar a gobe ta faru, goben da ba dole ta zo ba.

Daga nan kamfanonin suka mai da dabarar jari. A 1995 ɗan Farfesa Xavier, jagoran X-Men, ya koma baya ya kashe mahaifinsa bisa kuskure, sai Marvel ta dakatar da mujallun X-Men na tsawon wata huɗu, ta maye gurbinsu da na sabuwar duniyar Age of Apocalypse. DC ta wuce haka a 2011 da Flashpoint na Geoff Johns da Andy Kubert: Flash ya koma baya ya ceci mahaifiyarsa, tarihi ya rikice. Uwar labarin fitowa biyar ce, amma ƙananan littattafan rakiya da aka jingina mata sun ninka ta sau da yawa, kuma da ta ƙare aka sake fara mujallu 52 daga lamba ta ɗaya.

A littattafan da ke raka finafinai da shirye-shiryen talabijin, aikin dabarar shi ne buɗe ƙofa tsakanin taurarin da ba gidansu ɗaya ba. Reshen Marvel na Birtaniya, wanda ya fara buga mujallar Doctor Who a 1979, ya yi amfani da jarumin mujallar, wato Likitan, wajen ɗauko Death's Head daga duniyar Transformers, daga baya ya sauke shi a kan ginin Fantastic Four. A 1992 Frank Miller da Walt Simonson suka haɗa RoboCop da Terminator a kamfanin Dark Horse. A 1998 Kang ya zama sanadin haɗuwar X-Men da ma'aikatan jirgin Kyaftin Picard na Star Trek, kafin Alan Grant ya gwabza Superman da Terminator a ƙarshen 1999. Na Miller ya fi sauran armashi, domin ya ɗaure labaran biyu da dalili guda: ƙwaƙwalwar RoboCop ce ta haifar da wayewar Skynet, kwamfutar da ke sarrafa Terminator. Na Superman kuwa da rauni tun daga tushe, don inji mai farautar ɗan Adam ba ya tsorata mai lanƙwasa ƙarfe da hannu.

Finafinai ma sun dawo suna aro daga takarda. A 2014 Bryan Singer ya mai da Days of Future Past fim, sai dai Wolverine aka tura baya maimakon Kitty Pryde, shekarar da ya sauka kuma 1973 ce.