TARIHIN ZANEN BANGO A ƘASARMU, DAGA BIRNIN DAMAGARAM ZUWA YAAMA

  

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a wannan karo shi ne, duk wanda ya komo gida a ƴan shekarun nan ya ga gari ya sake kama. Gidajen siminti da rufin kwano sun yawaita, alhamdu lillahi, gumin ƴaƴan gari ne. Amma zaurukan nan masu zane a goshi, waɗanda muka tashi muna wasa a inuwarsu, sai faɗuwa suke ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya faɗi ba a mayar da shi. To, kafin na ƙarshe ya faɗi, ya kamata mu san daga ina wannan sana'a ta fito, da su wane ne suka riƙe ta, da yadda suke aikinsu.

SU WANE NE MASU ZANE A WURINMU?

Yaran da suka yi lakwal, in an ce musu mai zane, sai su tuna da Bature riƙe da buroshi yana shafa launi a kan ƙyalle, a sa wa ƙyallen katako a rataye a ɗaki. A wurinmu masu zane sun kasu cikin sana'o'i dabam-dabam. Akwai malamin da ke yi wa allo zayyana ranar saukar Alƙur'ani. Akwai mai ɗinkin babbar riga da ke fitar da aska takwas a ƙirji. Akwai baduku da ke ƙawata jaka da sirdi da kube, da mai zanen ƙwarya da wuƙa ko ƙarfe mai zafi. Sa'an nan akwai magini, wanda allonsa shi ne bangon gida. In kun lura da kyau, duk rijiya ɗaya suke sha. Dagin da ke kan riga shi ne a kan jakar fata, shi ne kuma a saman ƙofar zaure. Da yake malamanmu ba su son a yi surar mai rai, sai hannun masu zane ya karkata ga layi da da'ira da kusurwa da ƙulli, har suka gwanance a nan.

KAYAN AIKI

Magini ba ya zuwa kanti. Ƙasa daga kududdufi ake haƙo ta, a kwaɓa da ciyawa ko kashin doki, a tattake, a bar ta ta ruɓa kwanaki. Da ita ake yin tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Rufi kuwa azara ake sawa, wadda ake tsagawa daga giginya, domin gara ba ta cinta da sauƙi. Da azara ne ake ɗaure bakan gizo, watau lanƙwasar nan da ke riƙe rufin soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. A saman bango a ɗora zankwaye, a sa indararo don ruwa ya zuba nesa da gini.

Abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwan sama, kuma kakanninmu sun samo masa magani. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake yin ta, a haɗa da ƙasa a yi yaɓe, ruwa ya riƙa zamewa. Laso kuma daga katsin marina ake yin sa, a haɗa da gashin akuya da ruwan dafara, ya yi tauri kamar siminti. Kun ga ke nan marini da majemi duk suna da hannu a ginin soro, ko ba su taɓa ɗaukar tubali ba.

YADDA AKE ZANEN

Hanyoyin zanen bango uku ne sanannu. Ta farko, tun yaɓe yana ɗanye magini ya sa yatsunsa ya yi ta jan layi, baka bisa baka, har bango ya cika. Wannan ita ce mafi sauƙi, ko talaka yana samunta. Ta biyu, ya mulmula ƙasa ya liƙa a bango, zanen ya fito waje da kauri, yadda in rana ta karkata inuwa za ta faɗa cikin ramukansa ya ƙara fitowa. Ta uku, ya bari yaɓe ya ɗan sha iska, sa'an nan ya sa wuƙa ya yanka ya kankare. Bayan haka sai launi: farar ƙasa, jar ƙasa, baƙi daga gawayi, shuɗi daga shuni ko bula. Fentin gwangwani daga baya ya zo.

Magini na da ba ya zana abu a takarda kafin ya fara. Da ƙafa da kamu yake awo, ya shata a ƙasa, sauran kuma yana cikin kansa. Yaro yana fara koyo da ɗaukar ƙasa da jefa wa maigidansa tubali a kan bango, ya shekara da shekaru kafin a bar shi ya taɓa goshin zaure. A manyan birane akwai Sarkin Magina, wanda ke raba aikin fada da na masallaci, yana kuma sasanta rigima tsakanin ƴan sana'a.

BABBAN GWANI DA DAMAGARAM

In ana maganar magina a ƙasar Hausa, sunan da ake fara ambata shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Adonsa a ciki yake, a jikin ginshiƙai da bakan gizo, zane mai kauri da zurfi, ba yawan launi. Ana ba da labari cewa da dare yake aiki, mutane su wayi gari su tarar da gini ya tashi. Wannan ya nuna mana wani abu game da wancan zamani: a da, zane na cikin fada ne da masallaci da turakar manya, ba safai ake baje shi a bakin hanya ba.

A nan wajenmu kuwa, cibiyar wannan sana'a ita ce Damagaram. Sarki Tanimu, wanda ya yi dogon mulki daga 1851 zuwa 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya ƙarfafa fada. A zamaninsa ayarin raƙuma daga Tarabulus da Agadas suna sauka a Zango kafin su wuce Kano ko Kukawa. Bature matafiyi ɗan Jamus, Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a garin a ƙarshen 1852. Inda fatauci ya yi ƙarfi, nan attajiri ke neman magini, kuma har yau ana tuna sunan Malam Yaro, babban attajirin Zango na lokacin zuwan Nasara.

Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi babban birninsu daga 1911 har 1926, lokacin da aka koma Yamai. A tsakanin nan, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gujiya ya buɗe, kuɗi suka shiga hannun ƴan kasuwar Damagaram da Maraɗi da Tasawa. A wannan zamani ne zane ya fito daga ciki ya hau goshin zaure sosai. Wanda ya samu, ko ya dawo daga Makka, ko zai yi amarya, sai ya kira magini ya ƙawata masa ƙofa, mai wucewa ya gani ya san gidan wane ne. Magina ma ba su tsaya kan abin da suka gada kaɗai ba. Kusa da dagi da takobi da allo, sai ga keke da agogo da mota da jirgin sama. Duk abin da ya shigo kasuwa, ba ya daɗewa sai ya hau bango. Wanda ya shiga lungunan Birni yau zai ga ragowar wannan aiki, wasu an sabunta su, wasu ruwa ya cinye rabinsu.

Gwamnati ma ta san darajar abin. Da aka kafa gidan tarihi na ƙasa a Yamai a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama, da irin wannan zane aka ƙawata ɗakunansa, fari da shuɗi.

ALHAJI FALKE BARMU NA YAAMA

Kada wani ya ce wannan aikin ƴan birni ne. Ga labarin wani ƙauye a jihar Tawa, ana ce masa Yaama. A 1962 mutanen garin suka yi shawarar gina masallacin Juma'a, suka ba maginin garinsu aikin, Falke Barmu, manomi ne kamar kowa. Kowane gida ya ba da gwargwadon ƙarfinsa: mai kuɗi ya ba da kuɗi, wasu suka yi tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka saro itace. Masallacin farko ɗaki ne mai kusurwa huɗu da ginshiƙai, ba wani ado.

A 1975 rufi ya bukaci gyara. Falke bai tsaya kan gyara ba. Ya ɗaure sanduna dami-dami ya lanƙwasa su ya yi bakan gizo, ya tada ƙubba a tsakiya, daga nan har 1982 ya gina hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Abin da ya ba masana mamaki shi ne babu hasumiyar da ta yi kama da ƴar'uwarta. Kowace da tsayinta da tagoginta da irin kanta, tana tashi da faɗi tana tsukewa, ado yana ƙaruwa in an doshi sama. Maginin Damagaram yana gama bango sa'an nan ya yi masa zane. Falke kuwa ginin kansa yake sarrafawa kamar yadda mai tukwane ke sarrafa yumɓu, ya duba abin da ya yi jiya, ya ɗora na yau a kai.

A 1986 aka ba masallacin Yaama lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba gine-ginen da suka yi fice a ƙasashen Musulmi. Ayyuka 6 suka ci a shekarar, cikinsu har da gyaran masallacin Al-Aƙsa na birnin Ƙudus. Ku duba fa, ginin ƙasa na wani ƙauyen Adar aka jera da wannan.

ABIN DA YA RAGE SANA'AR

Ba ƙin gado ne kawai ya kawo raguwar abin ba, gaskiya ɗaya ce. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, kuma samarin da za su kwaɓa ƙasa da rani su ne ke tafiya bida. Farin 1973 da 1974, da na 1984 da ake kira El Buhari, sun kashe itatuwa, azara ta yi tsada, sai an kawo ta daga nesa, kamar wajen Gaya. Marina sun mutu a garuruwa da yawa, katsi ya yi wuya. Ga kuma ambaliyar ruwa da ke rushe gidaje da damina, wanda ya kwana cikin tsoron bango ya faɗo wa ƴaƴansa ba mai ganin laifinsa in ya nemi siminti.

Amma kowa ya san zafin ɗakin kwano a watan bazara, ya kuma san sanyin soro. Shi ya sa masu ilmin gini suka komo ga ƙasa. Tun 1980 aka fara koyar da gini ba itace a Cikal, wajen Filinge, inda ake rufa ɗaki da tubali kaɗai. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsayin mita 27. A 2018 kuma, a Dandaji cikin jihar Tawa, wata ƴar ƙasarmu mai ilmin tsara gini, Mariyama Kamara, da abokiyar aikinta suka gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon ɗakin karatu. Da za su gyara tsohon, sai da suka kira maginan da suka gina shi tun farko.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ƴan'uwa, ba mu ce kowa ya bar siminti ba. Zane yana hawa siminti, maginan Zariya da Damagaram sun daɗe suna yanka shi tun yana ɗanye. Roƙonmu uku ne. Wanda ya aiko da kuɗin gini, ya ware wani abu na goshin zaure, ya kira maginin gari ya yi masa, kada a bar ƙofa fayau kamar sito. Wanda ya gaji tsohon soro, kada ya rushe shi don maƙwabci ya yi kwano, ya yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Sa'an nan iyaye su bar yaro ɗaya ko biyu su bi tsofaffin maginanmu da rani, su koyi haɗa makuba da sunayen zane, tun masu sanin suna raye. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Muna roƙon dattawa, duk wanda ya tuna sunan maginin da ya yi zauren gidansu, da shekarar da aka yi shi ko sarkin da ke kan gado a lokacin, ya faɗa wa ɗaya daga cikin yaran da ke rubutu, mu tara mu buga a fitowa ta gaba.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya komo da matafiyanmu gida lafiya. Amin.