Kayan kariyar mayaƙa a Keffi: daga lifidi zuwa rigar sulke ta zamani

Kayan kariyar mayaƙa su ne tufafi da sauran abubuwan da mai yaƙi ke sawa a jiki domin su tare masa makamin abokin gaba, su kuma rage masa wahalar rana da ruwa da ƙaya. A ƙasar Hausa an san su da sunayen lifidi da sulke da kwalkwali da garkuwa. A yau kuma ana maganar rigar sulke da hular kwano da kakin soja mai dabbare-dabbare. Garin Keffi, wanda ke kimanin kilomita 50 gabas da Abuja a jihar Nasarawa, ya ga zamunan nan biyu: a ƙarni na 19 sansanin mahaya ne a kudancin ƙasar Zazzau, yanzu kuma mazaunin Bataliya ta 177 ce ta rundunar da ke tsaron fadar shugaban ƙasa, a barikin Shitu Alao.

Lifidi da sulke

Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarkin Kano Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Ke nan lokacin da Abdu Zanga, Bafulatanin da ya fito daga ƙasar Katsina, ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19, kayan nan sun yi shekara ɗari huɗu a hannun mayaƙan Arewa.

Lifidi aikin gida ne tun daga tushe. Masaƙa su saƙa ƙyalle, maɗinka su ninka shi biyu su cusa masa audugar rimi, sannan a bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda. Ana yi wa doki nasa, wanda ke rufe wuya da ƙirji da gadon baya har ya sauko kusa da gwiwa, mahayi ma yana da nasa, tare da kwalkwali da akan ƙawata da gashin jimina. Amfaninsa a fili yake ga wanda ya san yaƙin wancan zamani. Babban abin tsoro shi ne kibiya mai dafin kwankwani, wadda ko ƙwarzane ta yi tana iya kashe doki. Idan ta faɗa cikin tulin auduga sai ƙarfinta ya mutu kafin ta taɓa fata. Aibinsa nauyi da zafi, ga kuma saurin kama wuta, shi ya sa maharba kan harbo kibiyar wuta idan sun hango 'yan lifidi. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya kalli yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a 1826, ya ba da labarin cewa sai da mutane suka taimaka kafin 'yan lifidi su iya hawa dawakinsu, kuma tafiyarsu a hankali take.

Sulke kuwa riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa cikin juna. Yana tare saran takobi sosai, ya kuma fi lifidi barin iska ta ratsa. Sai dai yawancinsa ba a nan ake ƙera shi ba. Binciken da masani A. D. H. Bivar ya wallafa a 1964 kan tsofaffin makaman fadojin Arewa ya nuna cewa da yawa daga cikin rigunan sun fito ne daga Masar da ƙasashen Gabas ta hanyar fataken Sahara. Saboda tsadarsa sarki ne ke raba shi ga manyan bayinsa da hakimai, a kuma gaje shi kamar gida ko gona. Dakaru masu tafiya a ƙasa ba su da wannan gata. Garkuwar fata ce kariyarsu, da riga mai layu.

A yankin Keffi ƙasar ce kanta ta taƙaita amfanin waɗannan kaya. Masarautar tana biyan gandu ga Zazzau, kuma wani ɓangare na gandun bayi ne da ake kamowa a hare-haren da ake kai wa al'ummomin da ke kewaye. Mada da Eggon da wasu maƙwabtansu sun fake a kan duwatsu, inda doki mai ɗauke da lifidi ba ya iya hawa, ga ƙudan tsando da ke kashe dawaki idan an gangara kwarin Binuwai. Duwatsun sun yi wa mazaunansu aikin da sulke bai yi wa mahaya ba, domin har Turawa suka iso mahayan ba su ci waɗannan wurare ba.

Shekarun 1902 da 1903

Ranar 3 ga Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe Kyaftin Moloney, razdan ɗin Ingila, a ƙofar fada. Ya nufi Kano, inda Sarki Aliyu Babba ya karɓe shi da girmamawa, Lugard, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, kuma ya riƙe wannan a cikin hujjojinsa na kai wa Kano yaƙi. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903. A ƙarshen watan, a Kwatarkwashi, mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai sukuwa kan 'yan tsirarun sojojin Turawa da suka yi sahu mai kusurwa huɗu, harsashi ya yi ta zubar da su. A nan aka ga ƙarshen lifidi da sulke a matsayin kayan yaƙi: harsashin bindigar zamani yana huda auduga da zobban ƙarfe baki ɗaya, har ma ya tura gutsattsarin zoben cikin rauni. Magaji ya rasu a yaƙin Burmi ranar 27 ga Yuli 1903 tare da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. A wannan yaƙin ne kuma kibiya mai dafi ta kashe Manjo Marsh, kwamandan Turawa, wanda ba ya sanye da komai sai kaki.

Daga nan kayan suka koma na hawan salla. Har yau a fadojin Arewa 'yan lifidi da 'yan sulke suna fitowa a jerin gwanon sarki, kuma sarautar Lifidi tana nan a wasu masarautu.

Zamanin kaki

Rundunar da Lugard ya kafa a 1897, wadda Hausa ce harshen umarni a cikinta, ta sa sojanta gajeren wando da rigar kaki, da jar dara da jar ɗamara ranar fareti. Shekaru da dama sojan Afirka ba shi da takalmi. A Yaƙin Duniya na Biyu, da aka kai runduna ta 81 da ta 82 ƙasar Bama, aka ba su koren kaki da takalma da malafa. Har kusan shekara saba'in bayan Burmi yawancin sojojin ƙasa a duniya ba su da rigar da za ta tare harsashin babbar bindiga, sai hular ƙarfe da ke kare kai daga ɓaraguzan bam.

Rigar sulke ta yau

Abin da ya sauya lamarin zare ne. A 1965 Stephanie Kwolek, masaniyar sinadarai a kamfanin DuPont na Amurka, ta gano sinadarin da aka yi zaren Kevlar da shi. Daga baya kamfanin DSM na Holan ya fito da Dyneema, wani nau'in roba mai tsananin ƙarfi da rashin nauyi, har yana yawo a kan ruwa. Ana jera shimfiɗu masu yawa na irin wannan zare, harsashi ya shiga ya sarƙe, ƙarfinsa ya bazu. Hikimar daidai take da ta maɗinkan lifidi, zaren ne kawai ya bambanta.

Wannan riga mai laushi tana tare harsashin ƙaramar bindiga da ɓaraguzai. Ba ta tare na AK-47, wanda ke fita da gudun sama da mita 700 a daƙiƙa, kuma ita ce bindigar da ke hannun 'yan fashin daji da masu garkuwa da mutane. Don haka ake zura faranti mai tauri a aljihun gaba da na baya, faɗinsa kimanin santimita 25, tsawonsa 30. Fuskar farantin tangaran ce ta musamman, bayansa kuma zare ne da aka matse. Harsashi na bugawa sai tangaran ta farfasa bakinsa, ita ma ta tsage, zaren baya ya kama abin da ya rage. Kowane faranti yakan kai kilo 2 zuwa 3 da wani abu. Akwai na ƙarfe mai arha, amma ya fi nauyi, kuma harsashi kan tarwatse a kansa ya fantsama zuwa wuya da cinya.

Ma'aunin da aka fi bi a duniya na cibiyar NIJ ne ta Ma'aikatar Shari'ar Amurka. A tsohon tsarinta na 2008, mataki na IIIA na ƙananan bindigogi ne, na III na manyan bindigogi, na IV kuma na harsashi mai huda ƙarfe. A 2023 ta fitar da sabon tsari mai matakan HG1 da HG2 da RF1 zuwa RF3, wanda ya shigar da harsashin AK-47 cikin gwaji kai tsaye, ya kuma inganta gwajin rigunan da aka yanka daidai da jikin mata. Wannan ya shafi Najeriya, wadda ta kafa rundunar mata ta sojan ƙasa a 2018. A gwajin ana ɗora rigar kan yumɓu a harba, a auna zurfin lotsawar, domin ko harsashi bai huda ba bugunsa na iya karya haƙarƙari.

Sauran sababbin abubuwa sun haɗa da hular kwano ta zare a maimakon ƙarfe, wadda aka yanke gefen kunnenta don na'urar sadarwa, da maƙalin tabarau na ganin dare a goshi. Akwai kuma rigar ciki da ba ta kama wuta. Haka nan akwai ɗaurin tsayar da jini da kowane soja ke ratayawa inda hannu ɗaya zai kai. Yaƙin Yukren tun 2022 ya dawo da kariyar wuya da kafaɗa da mara, saboda ƙananan jirage marasa matuƙa suna sako bam daga sama. Mayaƙan ƙungiyar ISWAP sun fara amfani da irin waɗannan jirage a Borno a ƙarshen 2024.

Zafi da ajiya

Sojan da ke tsaye a shingen bincike a hanyar Keffi zuwa Akwanga a watan Maris, lokacin da zafi ke wuce digiri 35, yana ɗauke da faranti biyu da hula da gidajen harsashi da bindiga da ruwan sha. Gumi ba ya samun hanyar bushewa a ƙarƙashin rigar, sai ya bar farin gishiri a kafaɗun kaki. Jarabar cire faranti ko sassauta maɗauri tana da ƙarfi, kuma wannan ita ce babbar matsalar da masu ƙira a ƙasashe masu sanyi ba su cika ba ta muhimmancin da ya kamata ba. Rigar da aka rataye a jikin mota ba ta kare kowa.

Kayan kuma suna tsufa. Danshi da hasken rana suna raunana Kevlar, zafi mai tsanani irin na rufaffiyar mota yana lalata Dyneema, farantin tangaran da ya faɗi ƙasa yana iya tsagewa a ciki ba a gani ba sai an ɗauki hotonsa da na'ura irin ta asibiti. Yawancin masu ƙera riga mai laushi shekara 5 suke ba da tabbaci a kanta.

Ƙira a gida

An kafa hukumar ƙera makamai ta DICON a Kaduna a 1964. A 2012 aka buɗe masana'antar rigunan sulke a can tare da kamfanin Marom Dolphin na Isra'ila. Kamfanin Proforce da ke Ode-Remo a jihar Ogun yana yin motoci masu sulke da riguna da huluna. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya sa kaki da takalma cikin kayan da hukumomin gwamnati za su fifita na gida wajen saye, a 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar DICON. Duk da haka rabon aikin bai yi nisa da na zamanin Magaji ba: ɗinki da haɗawa a gida, zaren da tangaran daga ƙetare. Wani ɓangaren ma baya aka ci, tunda auduga da saƙar lifidi duk na gida ne, alhali masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002.

Ƙarancin kaya ya taɓa zama batun kotu. A Disamba 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi da Boko Haram, su kuma suka kare kansu da cewa ba a ba su isassun kayan aiki ba. Bayan shekara guda aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 10, a daidai lokacin da ake binciken dala biliyan 2.1 na sayen makamai.

A ɓangaren doka, shigo da rigar sulke ko hular kwano ta yaƙi ko kakin soja yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, kuma laifi ne farar hula ya sa kakin soja ba bisa ƙa'ida ba. A 2015 aka taƙaita kaki mai dabbare-dabbare ga sojoji, da 'yan sanda idan suna aikin haɗin gwiwa da su. Aiwatar da wannan yana da wuya, domin 'yan bindiga da dama suna kai hari sanye da irin kakin, wanda suke kwashewa daga sansanin da suka afka wa ko su saya ta ɓarauniyar hanya, har matafiyi ya kasa bambance shingen hukuma da na ɓarayi.