Zambo a Kan Takarda: Mujallun Ba'a na Faransa da Ingila

Mai nazarin zambo da habaici zai amfana da duban yadda Turawa suka ɗauke zambo daga bakin mawaƙa, suka ɗora shi bisa takarda. Abin ya yi ƙarfi ne a birnin Paris cikin shekara ta 1830, sa'ad da Charles Philipon ya kafa mujallar La Caricature, mai fitowa mako mako. A 1832 ya ƙara da Le Charivari, wadda a ke bugawa kullum.

Sarki Louis-Philippe shi ne suka sa gaba. Mutum ne mai tsukakken goshi da manyan kumatu, don haka Philipon ya kamanta kansa da wani ɗan itace mai siffar gora, wanda Faransawa ke kira poire. Da aka gurfanar da shi gaban shari'a cikin 1831, sai ya zana sura huɗu, fuskar Sarki tana rikiɗa sannu sannu har ta koma ɗan itacen nan. Hujjarsa ita ce, in kama ta zama laifi, to, ɗan itacen ma mai laifi ne. Wannan bai fisshe shi ba, aka ɗaure shi wata shida. Amma kafin a jima surar ta cika bangayen birni, yara na zana ta da gawayi. Honoré Daumier ma ya sha ɗaurin wata shida a 1832, don ya zana Sarki yana haɗiye dukiyar talakawa. Cikin Satumba 1835 aka kafa doka, ba a buga sura sai da iznin hukuma. La Caricature ta mutu a shekarar, Le Charivari kuwa ta koma yi wa lauyoyi da attajirai ba'a, ta rayu har 1937.

Ingilishi suka yi koyi. Ran 17 ga Yuli 1841 Henry Mayhew da Ebenezer Landells suka fito da Punch a Landan. Da fari tana bayan matalauta. Cikin 1843, da aka baje zane-zanen da za a ƙawata sabuwar majalisa da su, John Leech ya zana masu tsumma da naƙasassu suna kallonsu, watau an ba mai yunwa hoto maimakon abinci. Daga nan kalmar cartoon ta sami ma'anar zanen ba'a. A 1890 John Tenniel ya zana Bismarck yana sauka daga jirgin ruwa, Sarkin Jamus na leƙensa daga sama, ba tare da damuwa ba.

Sai dai da Punch ta sami shiga gidajen manya, kaifinta ya dakushe, har ta riƙa yi wa mutanen Ailan wulakanci cikin zanenta. Private Eye, wadda aka kafa a 1961, ta fi ta cizo, samari suka koma can. Punch ta tsaya a 1992, Mohamed Al-Fayed ya farfaɗo da ita a 1996, ta sake rufewa a 2002.

Masu begen waɗannan mujallu su kan tuna da dariyar, su manta da kurkukun da aka sha kafin a yi ta. Ga abin da tarihinsu ya nuna: doka ta kashe La Caricature cikin shekara biyar, amma surar da ta yi wa Sarki ba ta goge ba har yau. Punch kuwa ba wanda ya hana ta fitowa, masu karatu ne suka watse.