Yadda ake auna ƙwazon ɗan wasan ƙwallon makaranta bayan wasan hamayya

Wasan hamayya shi ne karawa tsakanin ƙungiyoyi biyu da suka daɗe suna takun saƙa, galibi saboda gari ɗaya suke ko maƙwabtan juna ne. A garin Dakoro, mai nisan kimanin kilomita 120 arewa da Maradi, ana ganin irinsa idan ɗaliban kwaleji suka haɗu da na lise, ko idan matasan garin suka kara da na Kornaka ko Birnin Lalle a gasar babban hutu. Alƙalin wasa na busa tashi, hukunci ya riga ya fito daga bakin ƴan kallo: wanda ya ci ƙwallo shi ne gwarzo, golan da aka zura wa kuma shi ya kayar da makaranta.

Wannan hukuncin na bakin fili yana da sakamako. Da shi ake zaɓen wanda zai shiga tawagar gari, da shi ake ajiye yaro a benci, da shi kuma wani yaron ke yanke shawarar barin aji don neman sa'a a Niamey ko ƙetare. Shi ya sa malaman wasanni, masu horarwa da ƴan jarida ke buƙatar ma'aunin da ya fi ihun ƴan kallo inganci. Ga bayanin yadda ake yin wannan awo, da yadda za a yi shi a filin yashi inda babu kyamara.

Me ya sa sakamakon wasa ba ya isa?

A kokawar gargajiya abin a fili yake. Tun daga gasar takobi ta farko da aka yi a Tahoua a 1975, wadda Kantu na Maradi ya lashe, ƙasa ce ke raba gardama: wanda ya faɗi ya faɗi. Ƙwallo kuwa aikin mutum goma sha ɗaya ne, kuma ci ɗaya tak kan raba wasa na minti 90. Yaro na iya yin aikinsa daidai sau arba'in, ya yi kuskure ɗaya, kuskuren nan kaɗai za a tuna.

Mena ma ta ga irin haka a gasar cin kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu. A wasan farko Mali ta ci Nijar 1-0 ana dab da tashi, bayan ƙwallo ta kuɓuce wa gola Kassaly Daouda, Seydou Keita ya zura ta. Kwana huɗu bayan haka, golan nan dai ya tare hare-haren Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango aka tashi babu ci, Nijar ta samu makinta na farko a tarihin gasar. Wanda ya auna shi da wasan farko kaɗai zai ce a cire shi. Wanda ya auna shi da na biyu kaɗai zai ce ba ya kuskure. Duka biyun ba su faɗi gaskiyar golan ba.

Wasan hamayya ya fi kowane wasa ruɗar mai kallo, domin zuciya na tafasa, ana yawan ƙeta, kuma kowa ya zo da wanda yake so da wanda yake jira ya ga ya kasa.

Daga ina al'adar ba ƴan wasa maki ta fito?

Jaridun wasanni na Turai ne suka yaɗa ta. L'Équipe ta Faransa tana ba kowane ɗan wasa maki a kan 10, kuma an san ta da rowar maki. Waɗanda suka taɓa samun 10 cif ƴan ƙalilan ne, cikinsu akwai Oleg Salenko na Rasha da ya ci Kamaru ƙwallo biyar a kofin duniya na 1994, da Lionel Messi a 2010 da 2012, da Robert Lewandowski da ya ci Real Madrid huɗu a 2013. A Italiya, Gazzetta dello Sport na ɗaukar 6 a matsayin makin wanda ya sauke nauyinsa ba yabo ba fallasa. A Jamus, mujallar Kicker na bin tsarin makarantun ƙasar, daga 1 zuwa 6, inda 1 ne mafi kyau.

A Amurka, inda ƙwallon jami'o'i wani wasa ne daban da ake rungumar ƙwallo da hannu, wasan hamayya irin na Michigan da Ohio State kan tara mutum sama da dubu ɗari a fili ɗaya. Amma masu horarwa ba sa yanke hukunci a daren wasa. Sai sun zauna sun kalli bidiyo, su duba kowane ɗan wasa a kowane motsi, su rubuta ko ya yi abin da aka sa shi ko bai yi ba.

Manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa kuma suna amfani da alƙaluman kamfanoni irin su Opta. Ɗaya daga ciki shi ne lissafin yiwuwar ci, wato ƙiyasin sau nawa irin wannan bugun ke shiga raga. Bugun fenariti, daga mita 11, yana shiga kusan sau uku cikin huɗu. Ma'ana, golan da aka ci da fenariti bai yi abin kunya ba, wanda ya tare kuma ya yi abin da ya wuce na kullum.

Abin da ake dubawa a kowane gurbi

Doka ta farko ita ce a auna yaro da aikin gurbinsa, ba da na wani ba.

Gola: raga tana da faɗin mita 7,32 da tsawon mita 2,44, don haka akwai bugun da babu golan da zai kama. Ana duba tsayuwarsa kafin bugu, fitowarsa kan ƙwallon sama, ko yana riƙewa ko yana amayarwa gaban abokan gaba, yadda yake magana da ƴan baya, da inda yake aika ƙwallo idan ya kama.

Ƴan baya: sau nawa aka wuce shi, sau nawa ya tare ƙwallo kafin ta isa ga ɗan gaba, ko yana tafiya layi ɗaya da ƴan uwansa wajen tarkon satar gida, da yawan ƙetar da ya yi kusa da raga. Ɗan bayan kirki sau da yawa ba a jin sunansa, domin ya kashe wutar tun ba ta kama ba.

Ƴan tsakiya: ana ƙirga ƙwallon da ya miƙa da wadda ta isa. Idan ya miƙa 30, 21 suka isa, ya samu kashi 70 cikin ɗari. Sai a ƙara tambaya: nawa ne suka nufi gaba? Wanda ke mayar da ƙwallo baya kullum zai samu adadi mai kyau alhali bai amfani ƙungiya ba. Ana kuma duba ko yana waiwaye kafin ƙwallo ta zo masa, da abin da yake yi a daƙiƙun farko bayan an ƙwace ta.

Ƴan gaba: ban da ci, ana duba damar da ya samu da wadda ya buɗe wa wani, gudun da ya yi ba tare da ƙwallo ba, da sau nawa aka kama shi a satar gida. Wanda ya yanke mutum uku ya jefar da ƙwallo waje ya burge ƴan kallo, amma takarda ba za ta ba shi komai ba.

Awo da biro da takarda

Tun da ɗalibanmu sun saba da maki a kan 20, inda 10 ne matsakaici, ana iya raba awon gida huɗu, kowane maki biyar. Wannan shawara ce ta aiki, ba doka ce ta hukuma ba.

1. Aikin gurbi: ya yi abin da mai horarwa ya sa shi?
2. Sarrafa ƙwallo: tarewa, miƙawa, bugu.
3. Hankali: zaɓin da yake yi da inda yake tsayawa.
4. Hali da juriya: biyayya ga alƙali, haƙuri da tsokana, ƙarfinsa a minti 15 na ƙarshe.

Mutum ɗaya ba zai iya bin yara 11 ba. Abin da ya fi shi ne a samu mutum uku, ɗaya ya bi gola da ƴan baya, ɗaya ƴan tsakiya, ɗaya ƴan gaba. Kowa ya ja layi biyu a takarda, ya riƙa sa alama ga abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba, tare da mintin da abin ya faru. Idan akwai wayar salula mai ɗaukar bidiyo, a tsaya a wuri mai tudu a tsakiyar fili, a ɗauko faɗin wasan maimakon bin ƙwallo kaɗai.

Kada a ba da maki a ranar wasa. A bari a kwana, a haɗa takardu, sannan a tambayi yaron kansa abin da ya gani. Wani lokaci abin da aka ɗauka kuskurensa ne, umarnin koci ya bi. Kada kuma malami ya auna ɗansa ko ƙanensa, ko da adali ne, don gudun zargi.

Yanayin Dakoro da ya kamata a sa a lissafi

Yashi na cinye gudun ƙwallo, yana kuma sa ta yi tsalle ba zato. Miƙa ƙwallo ta ƙasa da ke isa a filin ciyawa na iya mutuwa a rabin hanya, don haka bai dace a gwada adadin yaron Dakoro da na wanda ake gani a talabijin ba. A lokacin hunturu iska da ƙura na ba ɓangare ɗaya fifiko, shi ya sa ake auna zagayen farko da na biyu daban-daban. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma dokokin ƙwallo sun yarda a tsaya shan ruwa ko shan iska na ɗan lokaci. Yaron da ya faɗi warwas a minti na 70 mai yiwuwa ƙishirwa ce, ba lalaci ba.

Akwai kuma bambancin rayuwa. Wani ya zo da takalmin ƙwallo, wani da na roba. Wani a gidan iyayensa yake, wani ɗalibi ne daga ƙauye da ke zaune a gidan mai masauki, wataƙila bai ci abincin rana ba. Ma'auni mai adalci yana rubuta waɗannan a gefen maki.

Batun shekaru

A aji ɗaya na kwaleji ana iya samun ɗan shekara 13 da ɗan 17. Da yawa ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai daga baya aka yi musu ta kotu, wasu ma an rubuta musu 1 ga Janairu kawai. Babban yaro zai ture ƙarami, ya fi shi gudu, ya fi shi bugu, amma wannan fifikon na ƙarewa idan sauran suka girma. Mai awo ya tambayi kansa: idan aka cire ƙarfin jiki, me ya rage? Sau da yawa ɗan ƙaramin da ke waiwaye kafin ya karɓi ƙwallo shi ne mai makoma.

A matakin ƙasa da ƙasa ba a wasa da wannan batu. Tun gasar kofin duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009, FIFA ke amfani da hoton na'urar MRI na wuyan hannu don duba ko ƙashi ya gama haɗewa. Rage wa yaro shekaru a takarda na iya rufe masa ƙofa a ranar da ta buɗe.

Ina awon ke kai yaro?

Hanya tana nan, ko da yake ƙunci gare ta. Daga gasar makarantu ko ta unguwanni yaro kan shiga ƙungiyar gari, daga nan zuwa ƙungiyoyin Maradi irin su Dan Kassawa da Jangorzo, ko na Niamey irin su Sahel SC da AS FAN, a ƙarƙashin hukumar FENIFOOT. A 2017 tawagar Nijar ta ƴan ƙasa da shekara 17 ta je kofin duniya a Indiya karon farko, ta doke Koriya ta Arewa 1-0, ta kai zagaye na biyu inda Ghana ta fitar da ita. A 2019 filin wasa na Maradi ya karɓi wasu wasannin kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20, gasar da Mali ta lashe.

Sai dai waɗanda ke cin abinci da ƙwallo kaɗan ne ƙwarai cikin dubban da ke buga ta. Yabon da ya wuce kima bayan wasa ɗaya shi ke sa yaro ya yi sakaci da BEPC, shi ke kuma buɗe ƙofa ga dillalan bogi masu karɓar kuɗin iyaye da alƙawarin gwaji a Turai. Ƙungiyar gaske ba ta ɗaukar yaro saboda ci biyu a wasan hamayya, kuma dokar FIFA ta hana cinikin ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai a wasu keɓaɓɓun halaye.

Kurakuran da aka fi yi

Ɗora wa gola ko wanda ya ɓarar da fenariti laifin rashin nasara gaba ɗaya. Ba kowa maki mai yawa don an ci wasa. Tuna minti biyar na ƙarshe a manta da 85 na farko. Karanta maki a gaban jama'a ko a zauren WhatsApp, alhali yaro ne mai tasowa. Danganta kuskure da asiri ko da ƙabilar yaro, a gari kamar Dakoro inda Hausawa, Fulani da Abzinawa ke zama a benci ɗaya.

Makin wasa ɗaya ba ya zama hukunci sai an jera shi da na wasa biyar ko shida, a gida da waje, a nasara da rashinta. Idan malami zai mayar wa yaro takardarsa, ya kira shi gefe, ya faɗa masa abu biyu da ya yi daidai da abu ɗaya da zai gyara kafin atisaye na gaba.