Daga Mazarin Kakanninmu Zuwa Dilar Gwanjo

Duk wanda ya shiga kasuwar Katako da sanyin nan zai ga yadda muke rububin dilar gwanjo, kamar ba jikokin masu kaɗi da saƙa ba.

Kakanninmu da suka hauro Jos haƙar kuza daga Kano, Zariya da Bauchi, da gwado suka zo, na audugar gida. Mata ke gurza ta, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari, alli a yatsa, sannan masaƙa su karɓa. Har yau akwai gidajen da za ka tarar da tsohon mazari a ƙasan adaka.

Turawa sun yi kwaɗayin audugar nan ƙwarai. A 1902 suka kafa BCGA a Manchesta don ciyar da masaƙun Ingila, suka kafa injin gurza a Zariya, daga baya Funtuwa. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 sun ɗauka kakarsu ta yanke saƙa. Ina! Masaƙan Kano sun fi su biya, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa. Wannan ya nuna mana ƙarfin sana'ar a lokacin.

Zamanin Sardauna aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, sai Nortex, UNTL da Arewa Textiles suka biyo. Mu a Jos rabonmu buhu ne: masana'antar da aka kafa a 1963, wadda ta zama tushen NASCO. Atamfar Kaduna kuwa, da ita aka cika lefen iyayenmu.

Faɗuwar ba ta zo rana ɗaya ba. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna, ga yadin Sin mai araha yana kwararowa ta kan iyaka. KTL ta tsaya a 2002, shekarar da babbar kasuwar Taminus ta ƙone, 'yan yadinmu suka watsu bakin titi. UNTL ta rufe a 2007.

A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dala don masaƙu su farfaɗo. A ganinmu an fara daga wutsiya, domin ba a gyara wuta ba. An janye matakin a 2023. Yau ɗan kasuwarmu zai je Kantin Kwari sari, ya dawo da kayan waje, manomin Funtuwa kuwa ya fi son masara da waken suya.