Ruɓewa: dalilin da ƙasa ke cin ɓawon albasa ta bar leda

Ruɓewa ita ce narkewar abu har ya koma ruwa, iska da taki, kuma aikin ƙwayoyin bakteriya ne da fumfuna. Sukan fitar da sinadarai masu tsinka abin ƙanana-ƙanana, sannan su cinye. Zafi da danshi na hanzarta aikin, shi ya sa juji ya fi saurin ruɓa da damina.

A Malanville, garin kasuwar nan na Jamhuriyar Benin da ke bakin Kogin Kwara daura da Gaya, ana ganin bambancin a juji guda. Ɓawon albasa da kashin shanu ba sa daɗewa. Ɓuntun shinkafa yakan jima, don yana ɗauke da sinadarin silika, irin na yashi. Leda kuwa, da aka sarrafa daga man fetur, ƙwayoyin ba sa iya tsinka ta. Rana ce kawai ke farfasa ta, ɓurɓushin ya zauna a ƙasa ko ya bi kogi. Haka take yi a tumbin akuya: ciyawa ta narke, leda ta dunƙule, dabba ta yi ta ramewa.

A Disamban 2017 Benin ta kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa.