Daga Dandali Zuwa Ɗakin Jarrabawa: Darasin Motsa Jiki da Rabon 'Ya'yanmu Mata

Mu da muka tashi a gida kafin neman abinci ya kawo mu birni, mun san cewa motsa jiki ba baƙon abu ba ne a garinmu. Da zarar kaka ta yi, samari kan fita dandali su yi kokawa da dambe da langa, 'yan mata kuwa suna nasu gefen suna gaɗa da carafke har dare ya raba. Ba wanda ya ɗauki wasan 'ya mace abin kunya, tunda a gaban iyayenta take yin sa, cikin suturarta, tsakanin tsararrakinta.

Zuwan makarantar boko ne ya sauya wannan tsari. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, Turawa sun sanya wasanni cikin tarbiyyar ɗalibai, kuma a can ne Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya ƙware a wasan nan na dukan ƙwallo a bango da hannu. Sai dai kwalejin ta maza ce zalla. Makarantun 'yan mata na farko da aka buɗe a Kano da Katsina a 1930 sun fi mayar da hankali ne ga ɗinki da girki da tsabta. Tun daga nan filin wasan makaranta ya zama tamkar mallakar maza.

Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya shigar da 'yan mata masu yawa aji, sannan manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ba motsa jiki gurbi a manhaja. Da aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4 daga 1982, ilimin motsa jiki da kiwon lafiya ya zama darasin da ake jarrabawarsa a ƙaramar sakandare. A babbar sakandare kuma ɗalibi na iya zaɓensa a jarrabawar WAEC, haka ma a ta NECO, hukumar da aka kafa a 1999. Jarrabawar tana da ɓangaren rubutu, tana kuma da ɓangaren gwaji a fili. Da haka abin da iyayenmu ke kira wasa ya zama hanyar shiga kwalejin ilimi ko jami'a, har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Matan Nijeriya da aka ba dama sun nuna abin da za su iya. A gasar Olamfik ta Barsalona a 1992 sun ci lambar tagulla a gudun miƙa sanda. A Atlanta a 1996, Chioma Ajunwa, 'yar Jihar Imo, ta ci zinare a dogon tsalle da mita 7.12. A 2022, Tobi Amusan, 'yar Jihar Ogun, ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12.

To, ina namu 'ya'yan? Duk wanda ya leƙa gida ya san amsar. Gonaki da gine-gine sun ci gefen filin makaranta, malamin darasin namiji ne, 'yan mata kuwa sukan zauna ƙarƙashin dogon yaro suna gadin takalman maza. Yarinya takan haddace dokokin wasan da ba ta taɓa bugawa ba, don haka idan lokacin zaɓen darussa ya yi sai ta kauce masa.

Haƙiƙa damuwar iyaye kan sutura da cuɗanya tana da tushe, amma tana da magani. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Ko a ƙwallon ƙafa na duniya, tun 2014 aka amince mata su yi wasa da lulluɓi. Ashe abin da ya rage mana shi ne malama mace da fili mai katanga. Kuma mu da ke birni muna ganin yadda hawan jini da ciwon suga ke addabar iyayenmu mata da ƙannenmu saboda yawan zama.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu da ta sanya abubuwa uku cikin kasafin bana: a shata iyakar filin makaranta a kewaye shi, a ɗauki nauyin 'yan mata ko da biyu ne su karanto wannan fanni a kwalejin ilimi bisa sharaɗin su dawo gida su koyar, a kuma ɗinka wa ɗalibai mata dogon wando da riga mai yalwa. Kakanninmu ba su hana 'ya'yansu dandali ba, bai kamata mu da muka yi boko mu hana namu fili ba. Allah Ya sa mu dace, amin.